Abin da Ke Ƙarƙashin Fata

Shekara talatin da huɗu ina dukanci a Tawa.
Na san fatar akuya da ta tunkiya ko a duhu,
da shafa kawai,
amma ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin tawa ba
sai ranar Talatar nan.

Da asuba abin yake kama ni.
Yatsu su sandare kamar ƙirgin da aka manta a rana,
buta ta gagare ni ɗauka,
sai hantsi ya dubi ludayi kafin su yarda su lanƙwashe.
Dama da hagu, kamar sun haɗa baki.
Basilla ta kuɓuce mini sau uku a kan alabe guda,
Illiya ya tsinto ya miƙo, bai ɗago kai ba.

Kowa ya ce sanyi ne.
Tamo ta gasa da ruwan zafi, ta murza man kaɗanya,
wanzami ya kafa ƙaho.
Na biya jikka shida aka yi radiyo,
aka ɗaga baƙin hoto a bakin taga,
aka ce ƙashi lafiya lau.
Na koma gida da kunya
kamar wanda aka kama yana ƙarya.

Sai lokotoro Zuwera, wadda na haifi sa'arta,
ta ce, "Baba Gado, miƙo hannun, eko za mu yi."
Na ce, "Eko ba na masu ciki ba ne?"
Ta ce, "Gaɓa ma tana da ciki."

Ta matsa wani abu mai yauƙi kamar kuɓewa,
mai sanyi kamar gindin randa,
ta ɗora kan na'ura a tushen manuniyata.
Allo ya yi toka-toka,
tabkin Babaye kafin gari ya waye.
"Wannan farin layi ƙashinka ne.
Wannan baƙin da ya kumbura a kansa
shimfiɗar gaɓa ce ta yi kauri."
Ta bi layin a hankali, ta tsaya.
Akwai ɗan giɓi,
kamar inda gara ta fara ɗanɗana azara.

Sannan ta taɓa wani maɓalli.
Ja ya fito.
Ja irin na karan dafi da nake rina fata da shi,
yana ƙiftawa, yana ƙiftawa,
daidai da bugun zuciyata.
"Jini ne ke rububi a wurin," in ji ta,
"masu gadin jikinka ne suka ɗauki gaɓa baƙuwa."

Ashe wuta ce.
Shekara biyu muna korar sanyi.

Ban san me ya sa na yi dariya ba.
Wataƙila don ciwon ya sami shaida,
ya tsaya a gaban mutum biyu,
an gan shi.

Ta ƙirga gaɓoɓi bakwai, ta rubuta.
Ƙwaya sau ɗaya a mako, ba kullum ba,
ta maimaita, ta sa na maimaita.
Awon jini. In dawo bayan wata uku
mu ga ko jan ya ragu.
Giɓin ba zai cike ba, ba ta ɓoye mini ba,
amma ana iya tare gara kafin ta kai soro.

Tana goge mini hannu, ni kuwa idona na kan na'urar.
Wuyanta ya tsage, an naɗe shi da salatif,
aikin wanda bai taɓa riƙe zare ba.
Na auna ta da ido: taƙi ɗaya da yatsa biyu.
Akwai sauran jar fata a ƙasan akwatina.
Ban ce mata komai ba.
Sai na ga abin da safiya za ta ce.